Ranar Da Na Yi Wa Bindigar Surukina Kwalliya

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na yi wa bindigar Baba Hamza kwalliya ba. Har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗauki zafi, ga dariya tana cina.

Ni ɗan Rusaifa ne, nan Makka aka haife ni, sana'ata sayar da akwatuna a wani shago a Misfala. Duk wanda ya san sana'ar ya san ba ma rabuwa da baƙin alƙalamin nan mai kauri. Da shi muke rubuta wa alhazai suna a jikin kaya, da shi kuma muke rufa wa akwati asiri. In ya kuje wajen saukewa daga mota sai a ɗan shafa masa, shi ke nan ya koma sabo fil. (Kada ku harare ni, duk layinmu haka ake yi.)

A lokacin ina neman auren Sumayya, 'yar Baba Hamza. Dattijo ne mai gemu fari tas, tsohon ma'aikacin tsaro, ba ya son wargi. Da na nemi izinin turo magabatana, cewa ya yi sai ya ga kamun ludayina tukuna. Ya gayyace ni istiraha, wato gidan shaƙatawar da suke haɗuwa da abokansa a hanyar Jidda, bayan an fita iyakar Harami, inda suke gwada harbi da bindigoginsu masu lasisi. Sumayya ta ja mini kunne a waya: "Don Allah ka nutsu. In ya sa ka aiki, ka yi iya abin da ya ce."

Ina! Wace nutsuwa? Na sha farar jallabiya, na yi wanka da turare, a mota ma ni kaɗai nake ta murmushi kamar an riga an ɗaura.

Bayan la'asar Baba ya fito da sabuwar bindigarsa, irin mai ɗana kanta bayan kowane harbi. Ya cire gidan harsashi, ya duba babu komai a ciki, ya kwance ta, ya jera ƙarafan a kan tawul. Ya miƙo mini tsumma ya ce, "Ya waladi, goge mini waɗannan, bari in shigo da baƙi."

Ni da ban taɓa riƙe ko bindigar wasa ba! Amma na ce a raina yau Baba zai ga suruki. Na kama ƙarfen nan da ke zarya gaba da baya a cikinta, na dirje shi iya ƙarfina. Baƙin da hayaƙi ya bari ya fita. Sai ga wasu layuka biyu suna sheƙi a gefensa kamar azurfa. Na juya ƙasansa, nan ma wani wuri ya yi fari sumul. Kusa da inda kwanson harsashi ke fita kuma ga wani ɗan ja-ja na tagulla.

Innalillahi! Na kankare fentin sabuwar bindigar mutum! Gumi ya karyo mini. A raina na ga Sumayya tana ɗaga mini hannun bankwana daga nesa, na ga kaina na tsufa a gwauro cikin akwatuna. Ina laluben hankici a aljihu, sai na ji alƙalamina.

Wallahi daɗin da na ji a lokacin ba ya misaltuwa. Na bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya na shafe su, na hura, na ƙara shafawa. Har jan tagullar ban bari ba. Na ɗaga ƙarfen na kalla, baƙi wuluk kamar yau aka fito da shi daga kwali. (Har sai da na yaba wa kaina, na ce kai, yaro, kana da hannu.)

Baba ya shigo da abokansa, yana jan hannun wani Abu Faisal, abokin musunsa. Yana cewa, "Kai da ka ce ajiye ta kawai nake yi ba na harbawa, zo ka ga yadda ta fara zama. Dubi inda ƙarfe ya..."

Ya ɗauki ƙarfen. Ya juya shi, ya matsa wajen haske. Abu Faisal ya ce, "To ina alamar, ya Hamza? Wannan ai ko sau ɗaya ba a harba ta ba!"

Baba ya ɗiga mai a kai ya murza da yatsa. Ashe mai yana narkar da tawada. (Akwati bai taɓa gaya mini haka ba.) Yatsunsa suka yi baƙi bai lura ba. Shi kuma ɗabi'arsa, in abu ya ɗaure masa kai sai ya shafa gemu. Ya shafa, ya sake shafawa.

Jama'a, farin gemun nan ya koma zane-zane. Abu Faisal ne ya fara fashewa da dariya, har shayi ya sarƙe shi. Wani ya faɗi kan matashi yana riƙe ciki. Ni kuma don tsabar ruɗewa sai na ji ina taya su.

Baba ya kalli hannunsa, ya kalli aljihuna, inda murfin alƙalamin ya leƙo. "Mene ne wannan?"

"Baba, gogewa na yi fentin ya fita, shi ne na... na mayar."

Ya ce, "Ba kai ka fitar ba. Kowace sabuwar bindiga haka take yi. Inda ƙarfe ke gugar ɗan'uwansa dole ya yi sheƙi har su saba da juna, daga nan kuma ya tsaya. Jan nan sawun kwanso ne. Abin tsoro shi ne tsaga, ko kaifin da zai kama maka farce." Sai ya rage murya. "Tabon da ba kai ka yi ba ka rufe shi haka. Ranar da kai ka yi wa 'yata laifi fa, da me za ka shafe?"

Dariya ta ɗauke. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji tsoro, don na san auren ne yake shirin kuɓuce mini. Na ciro alƙalamin na ajiye a gabansa, na ce, "Baba, zuwa zan yi in faɗa, ko zagina za a yi."

Ya tura mini tsumma da mai. "Yalla, fito mini da sheƙina kamar yadda ka same shi. In ka gama, ka gaya wa magabatanka ina jiransu."

Ban taɓa goge abu da farin ciki irin na ranar ba, har jallabiyata ta yi kaca-kaca ban damu ba.

Tun daga ranar, in akwati ya kuje sai in nuna wa alhaji wurin da yatsa, ya saya ko ya bari. Na gane ba kowane tabo ne ɓarna ba, kuma wanda ma ɓarnar ce, faɗa ya fi shafawa sauƙi. Sumayya dai har yanzu ba ta gama yarda da ni ba: duk ranar da za mu gaida Baba, sai ta caje aljihuna a bakin ƙofa.