Rasuwar Rautar Gidan Alhaji Badamasi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan abin da ya fi baƙin ciki ɗaci, Alhaji Badamasi Mai Albasa na Bunkure yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Rauta, farar na'urar nan mai ƙaho biyu da ke raba intanet a gidansa. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, a kan gora, ruwan sama na dukanta.

'Yarsa Surayya ce ta aiko da marigayiya daga Fatakwal, inda take aure, domin mahaifiyarta Hajiya Zuliha, wadda ciwon ƙafa ya zaunar a ɗaki, ta riƙa ganin fuskarta a waya. Don wannan aka kawo ta. Amma Musbahu, babban ɗan gidan, shi ya haɗa ta, ya kafa ta a zaure, ya ce nan ne sabis ya fi ƙarfi.

Alhaji ya shaide ta da halin kirki. Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Iyakarta ta ƙifta koren idonta, sai in an ɗauke wuta ta yi ɗan ƙit, ta yi shiru. Ba ta zaɓar fuska, kowa ya zo da lambar sirri ta ba shi. Ita ce ta yi abin da ya gagari Alhaji: ta dawo masa da Musbahu da ƙanensa Suhaibu zaure kullum, mutanen da a da sai Sallah ake ganinsu. Suna zuwa su gaishe shi ido na kan waya, su jingina da bango, abokansu na biye. Alhaji bai yi boko ba, amma ya san ba shi ake zuwa gani ba.

Ɗakin Hajiya shi ne na ƙarshe a gidan. Kafin sabis ɗin ya isa gare ta, na zaure sun shanye. Fuskar Surayya ta fito, ta daskare baki a buɗe, ta ɓace. Alhaji ya tsufa yana noman rani a gonar ƙarshen kanal, ya san abin da na sama ke yi wa na ƙasa ranar ban ruwa. Ya yi wa 'ya'yansa magana sau ɗaya. Suka ce ba haka abin yake aiki ba, suka yi dariya.

Shi kuwa ya san abu bai gangarowa sai daga tudu. Ya samo doguwar gora, ya ƙara wayar wuta, ya ɗaure marigayiya a sama, tsakar gida, ta fuskanci ƙofar Hajiya. Ranar nan uwa da 'ya suka yi hira har shayi ya huce. Alhaji bai ce ya yi kuskure ba, kuma ba zai ce ba.

Ranar Talata yana gona hadari ya taso. Musbahu da Suhaibu, maza biyu majiya ƙarfi, na zaune a gindin gorar, don sun bi marigayiya har can. Da yayyafi ya fara, kowa ya cusa wayarsa a aljihu ya ruga zaure. Hajiya na kira daga ɗaki a sauke marigayiya, ba wanda ya fito. Da Alhaji ya dawo, koren idon ya rufe. An kwantar da ita cikin buhun shinkafa ko za ta farfaɗo. Rai ya riga ya yi halinsa.

Ta bar wayar caji ɗaya, da gora, da tsohuwa mai riƙe da waya tana kallon baƙin gilashi. Ta bar 'ya'yan riƙo da yawa, ba a ga ƙeyar ko ɗaya ba tun daga ranar.

Ba za a yi mata salla ba, Alhaji ya san iyakarsa. Za a naɗe ta a leda, a sa ta a rumbu gobe da hantsi. Ana karɓar gaisuwa a zaure, akwai wuri sosai. Mai zuwa ya bar wayarsa a gida.

Surayya ta aiko da magajiyar marigayiya, an kafa ta a kan gadon Hajiya, an sauya lamba. Musbahu ne ya fara zuwa ta'aziyya. Ya durƙusa, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya tambaya ko Baba zai taimaka masa da sabuwar lambar.

Alhaji ya ce, "Ba zan ba ka ba."