Yaƙin Hambali da Mai Maganin Basir

Da sunan Mai kowa Mai komai muke buɗe tarihin gwarzon maza, Hambali ɗan Gambo jikan Tanimu Mai Kilishi, sarkin facin tayar Funtuwa, bangon tashar Dandume, wanda ƙusa ke jin sunansa ta lanƙwashe.

A zamanin da matarsa Sa'ade ta tafi gidan iyayenta goyon ciki, yana zaman jiran albishir ɗin ɗan fari, sai rundunar azzalumai ta yi wa wayarsa ƙawanya ta intanet: masu cewa ya ci gasar da bai shiga ba, da madugunsu, wani mai tallar maganin basir. Waya na ƙara sai ya yi wuf ya ɗaga, yana zaton albishir ne, sai ya ji mai maganin yana tambayarsa yaya zama. Sadauki kuwa ba a taɓa shi ya yi shiru. Da kansa yake kiran mutumin, ya yi ta surfa masa zagi har data ta ƙare.

Da abin ya ishe shi, sai ya zaro makamin ƙarshe, wata manhaja ma'abociyar hikima da basira, mai nazarin wa kake kira, wa ke kiranka, da tsawon hirarku, ta buɗe wa na gida ƙofa, ta rufe wa baƙo. Ya danna, ya yi kirari: "Sai ni Hambali, dodon 'yan damfara! Yau kowa ya kwana a waje!"

Masu gasa suka watse. Ya yi murna har da sayen tsire.

Sai dai manhaja ba ta san kunya ba. Surukarsa Inna Tabawa, tun ɗaurin aure bai taɓa kiranta ba, ita ma haka, kamar yadda mutunci ya tanada. Ranar da Sa'ade ta sauka lafiya, farin ciki ya sa tsohuwa ta ajiye kunya ta kira shi, ta sake, ta kuma sakewa. Manhaja ta ga baƙuwa mai naci, ta jefa ta cikin azzalumai.

A bakin wani direba ya ji labari, ana gobe suna. Ga gwarzon maza durƙushe a tsakar gidan surukai, kai a ƙasa, yana cewa, "Inna, a gafarce ni, wallahi kira ba ya shigo mini."

Nan take waya ta ɗauki ƙara. Mai maganin basir ne, wanda manhaja ta naɗa babban amini saboda doguwar hira.

Inna ta gyara mayafi ta ce, "Ɗauka mana, ɗan nan. Kada ka bar na gida yana jira."