Kwalbar Likita a Hanyar Randagi

Ko daga barci aka tashe ni, ba zan manta da ranar tafiyar ƙoda ba. Haka muka riƙa kiranta a Birnin Gwari, zamanin ana kashe sule, naira ba ta zo ba. Wasu likitoci ne suka zo daga Zariya suna binciken ciwon ƙodar nan da ke kumbura wa mutum ƙafa da fuska. Malam Yohanna, malamin asibitinmu, ya shirya a taka da ƙafa daga gari zuwa wani ƙauye a hanyar Randagi, 'yan kasuwa kuma su ba da gudummawar binciken saboda wahalar da muka sha. Ni ban yi boko ba, ban ga haɗin ƙafata da ƙodar wani ba. Amma surukina, Baba Tanko, ya ce zai je har da jakinsa mai ɗaukar ruwa. To ina ni ina zama a gida?

Za mu tashi ke nan aka miƙa wa kowa 'yar kwalba da sunansa a jiki. Wai in an isa, kowa ya kawo fitsarinsa a duba.

Mu da aka raina da cewa ko aski ka yi ka binne gashin, ko farce ka yanke kada ka yar a fili, shi ne zan ɗauki fitsarina, da sunana a rubuce, in miƙa wa baƙo? Me ya rage wa mai sammu? (Kada ka yi mini dariya, har ladaninmu na ga yana jujjuya tasa kwalbar.)

Muka shiga daji. Saboda kunyar suruki na karɓi igiyar jaki na koma can baya. Itatuwa sun haɗe sama, birai na ta kuwwa, amma wallahi ba su nake tsoro ba, abin da ke aljihuna nake tsoro. Can wajen wani rafi jakin nan ya ja ya tsaya, ya buɗe ƙafafu zai yi fitsari. Na dubi gaba, na dubi baya, ba kowa. Na tara kwalba. A raina na ce mai sammu ya je ya yi wa jaki.

Da muka isa, an kafa tebur a gindin ɗorawa. Likita na ɗaga kwalabe ɗaya bayan ɗaya yana dubawa, har ya zo kan tawa. Kauri kamar kunun kanwa. Ya daɗe yana kallo, ya yi wa Malam Yohanna raɗa, sai na ji an kira sunana.

Ya danna mini ƙafa, ya buɗe idona. "Malam, tun yaushe kake haka?"

"Lafiyata lau, ranka ya daɗe."

"Da wannan? Malam Yohanna, a sa shi a mota yanzu. Zariya."

Mutum biyu na sani da aka kai Zariya kan ciwon nan, ɗaya ne ya dawo. Jama'a suka ɗauki salati. Baba Tanko, wanda bai taɓa haɗa ido da ni ba, ya matso ya ce, "Ku tafi da shi, likita. Iyalinsa suna hannuna." Direba ya buɗe bayan mota. Har na sa ƙafa ɗaya, sai na tuna an ce can yanka mutum ake yi.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ba nawa ba ne."

"Na wane ne?"

Na dai nuna jakin da leɓe. Yana can yana cin ciyawarsa, ko a jikinsa.

Can Baba Tanko ya gyara murya ya ce, "To likita, shi jakin fa, zai tashi?"

Har direba sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Aka ba ni sabuwar kwalba, aka haɗa ni da Malam Yohanna ya tsaya mini gadi a bayan kargo, gaban surukina da rabin gari. Da aka duba nawa, garau.

Na dai koyi abu ɗaya. In tsoro ya ba ka shawara, ka tambaye shi ko zai tsaya tare da kai a gaban jama'a. Nawa guduwa ya yi, ya bar ni tsaye da igiya a hannu.