Ranar Da Na Kira Sabi'u Makaho

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma na ma daina ƙoƙarin mantawar, da yammacin wata Asabar da na buɗe bakina a gaban taron jama'a a Gumel na faɗi maganar da har gobe in na tuna ta sai tuwo ya fita raina.

A lokacin ni malamin motsa jiki ne a wata sakandare, da la'asar kuma koci ne na wata 'yar ƙungiyar ƙwallon kwando. Wani attajiri, Alhaji Sule mai kasuwancin riɗi, shi yake ɗaukar nauyinmu, ya sai mana jesi da takalma, ya kuma ba yaran ɗan abin sabulu duk wata. Don haka muke kiran kanmu ƙwararru. (Filin namu siminti ne da ya tsattsage, kwando ɗaya ma a karkace yake, amma ka ji yadda nake magana a majalisa sai ka ɗauka daga Turai aka ɗauko ni.) Na kalli bidiyon manyan kociyoyi a waya har na haddace yadda suke naɗe hannu a ƙirji, kuma na yi imani Allah ya ba ni baiwar gane ɗan wasa tun kafin ya gane kansa.

Wata Alhamis na je Maigatari raka wani abokina kasuwar dabbobi. Da na gaji da warin awaki sai na zagaya filin ƙungiyar ƙwallon kwandon garin. Ba kowa sai wani dogon saurayi, siriri kamar gora, yana tsaye a layin da ake jifa in an yi wa ɗan wasa keta. Ya buga ƙwallo a ƙasa sau uku, ya ɗaga, ya jefa, ta shige. Ya ɗauko ya sake, ta shige. Na tsaya a gindin dalbejiya ina kallo har ƙafata ta yi sanyi, ban ga ya ɓarar da ko ɗaya ba. Sunansa Sabi'u, shekarunsa goma sha tara, kuma abin da ya ɗaure mini kai, wai a benci yake zama.

Washegari na koma na sami kocinsu, Malam Idi, dattijo mai sanyin magana. Na ce ina son yaron. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kada gobe ka ce na cuce ka. Yaron nan in shi kaɗai ne, zaki ne. Da an shiga wasa, ƙwallo sai ta dinga dukansa a fuska kamar ya ci bashinta."

A raina na ce tsohon nan bai san zamani ba, an ba shi zinariya yana jifan tsuntsu da ita. A fili kuma na ce, "Malam, a bar mini shi, ni na san maganin abin."

Ya ce to sai dai musaya, in ba shi Nafi'u. Nafi'u shi ne kyaftin ɗina, gajere ne, ba ya burge 'yan kallo, amma shekara huɗu bai taɓa fashin atisaye ba, shi yake share fili, shi yake raba faɗa. Ban ko nemi shawarar kowa ba na ce na yarda. (Har da ƙara musu sababbin ƙwallaye biyu, don kada Malam Idi ya farga ya fasa. Ka ji wayo.)

Da na gaya wa Nafi'u, bai yi musu ba. Ya cire igiyar mabuɗin ɗakin kayanmu daga wuyansa ya miƙo mini, ya ce, "Koci, laifin me na yi?" Na ce ba laifi, harkar ƙwallo ce haka, wata rana zai gane. Ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri," ya ɗauki takalmansa ya tafi. Na ji wani abu ya ɗan soke ni, amma na danne.

Makonnin farko Sabi'u ya yi duk abin da Malam Idi ya faɗa. A jefo masa ƙwallo daga gefe, sai ta bugi kunnensa. Mutum ya zo ta damansa ya zare ta daga hannunsa, shi yana kallon gaba. Sai kuma, ba zato, ya fara gyaruwa. Ya fara cafkewa, ya fara juyawa, muka je garin Sule Tankarkar muka ci wasa, shi ya zuba fiye da rabin makin. Na dawo Gumel ina tafiya kamar hakimi. Duk wanda na gamu da shi sai na ce, "Ba na gaya muku ba?"

Abu ɗaya ne ya dame ni. Yarana sun koyi wata ɗabi'a ta surutu a fili. Duk wanda zai ba Sabi'u ƙwallo sai ya fara ƙwala ihu, "Dogo, hagu!" ko "Dogo, dama!" In abokin hamayya ya taho ta bayansa, sai ka ji, "Dogo, ga shi nan!" Ni kuma a bidiyon da nake kallo na ga manyan 'yan wasa da ido kawai suke magana. Na tara su na ce wannan ƙauyanci ne, kuna sanar da maƙiyi inda za ku jefa. Daga yau duk wanda ya sake kiran hagu ko dama zai zagaye fili sau goma. Wani daga cikinsu ya ɗaga hannu, "Koci, ai dama..." Na ce, "Kai ne koci ko ni?" Ya sauke hannu. Na lura Sabi'u ya sunkuyar da kai, na ɗauka ladabi ne.

Daga ranar komai ya rushe. 'Yan garin Gagarawa suka zo har gida suka cinye mu. Sabi'u ya koma jiya-i-yau, har ya fi da lalacewa, don yanzu tsoro ya shige shi. Ni kuwa maimakon in tambayi abin da ya canza, sai na ƙara masa gudu, na ƙara masa tsallen kwaɗo, na ƙara masa faɗa. Yakan zo atisaye ya ce kansa na ciwo, in ce lalaci ne. A teburin mai shayi aka fara cewa Koci ya ba da jaki mai aiki ya karɓo raƙumin ado. Maganar ta ci mini rai ƙwarai, kuma duk haushin a kan yaron nake saukewa.

Sai ga wasanmu da Maigatari, a filinmu. An kafa rumfa, an kawo kujerun roba, Alhaji Sule ya zo da baƙinsa, an ɗauko mai lasifika yana ta zuba mini kirari. Nafi'u ya shigo sanye da jesin Maigatari, ya zo har inda nake ya rusuna ya gaishe ni. Na amsa sama-sama.

Kafin hutun rabin lokaci sun yi mana nisa. Nafi'u kamar ya san duk abin da ke cikin kaina (ai ya sani, ni na koya masa). Ana saura kaɗan a tafi hutu, wani yarona ya kuɓuce da ƙwallo, Sabi'u na tsaye shi kaɗai a gindin kwando, ba kowa kusa da shi. Yaron ya buɗe baki zai kira shi, ya tuna dokata, ya rufe, ya jefa. Ƙwallon ta tafi ta daki Sabi'u a kunci, ta gangara waje. Fili ya ɗauki dariya. Na ji wani daga cikin baƙin Alhaji yana cewa, "Wannan ne gwanin da aka ce?"

Ban san lokacin da na tsallaka layi na shiga fili ba. Alƙalin wasa na busa usur, ban ji ba. Na tsaya a gaban Sabi'u, ina ɗaga kai don in ga fuskarsa, na daka masa tsawar da har masu sayar da rake a bakin titi sai da suka ji:

"Kai wane irin tsawon banza ne? Ƙwallo kamar kabewa ba ka ganinta? Ko makaho ne kai?"

Wurin ya yi tsit. Hawaye kawai na ga ya gangaro wa Sabi'u ta kan kuncin da ƙwallon ta daka. Sai na ji an taɓa hannuna. Nafi'u ne. A hankali ya yi maganar, amma mai lasifika ya riga ya matso da abin maganarsa don jama'a su ji faɗan koci, don haka kowa ya ji.

"Koci, ba ya gani ta gefe. Abin da ke gabansa kawai yake gani. 'Yan Maigatari sun daɗe suna zargin haka, yaranka ma sun gane tun makonnin farko. Shi ya sa suke kiran masa hagu da dama."

Na juya na kalli yarana. Babu wanda ya yarda muka haɗa ido. Na kalli Sabi'u na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba, "Gaskiya ne?"

Ya ce, "Koci, na ji tsoro ne. An riga an ba da ni sau ɗaya. In ka sani, ina za a kai ni kuma?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Ina tsaye a tsakiyar fili, usur a wuya, hula a karkace, mutum ɗari da wani abu na kallona, ba mai dariya. Da ma dariyar suka yi, da ta fi mini sauƙi. Malam Idi ne ya taso daga bencinsa, ya kama hannun Sabi'u ya fitar da shi, suka wuce ta gabana. An ƙarasa wasan, an cinye mu, ban san da nawa ba.

Ranar Litinin Alhaji Sule ya ba da mota muka kai shi asibitin ido a Kano, ni da kawunsa. Likitar ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce hawan jinin ido ne, ciwon da ke cin gani daga gefe a hankali har ya iso tsakiya. Na hagu ya riga ya tafi, na dama za a yi ƙoƙarin tsare abin da ya rage. Ta ce abin da ya tafi ba ya dawowa, amma da an zo watannin baya da an ceci da yawa. Sai ta tambaya, "Ba ya kukan ciwon kai? Wa yake tare da shi kullum?" Kawun ya juyo ya dube ni. Wata biyar yaron yana hannuna, kullum sai na ƙare masa kallo daga sama har ƙasa ina neman abin da zan gyara.

Sabi'u bai sake buga wasa ba. Ya koma Maigatari, yana zama a rumfar kawunsa yana ɗinke bakin buhunan zoɓo. Sai da na yi wata biyu ina ɗaura niyya ina kwancewa kafin na iya zuwa. Na yi sallama daga gefensa, ya ɗago yana juya kai yana nema, ya ce, "Koci ne? Zagayo ta gabana in gan ka." Na zagaya. Duk jawabin da na tsara a mota ya gudu, abin da ya fito kawai shi ne, "Sabi'u, ka yafe mini."

Ya yi murmushi ya ce, "Haba Koci. Kai kaɗai ne fa ka taɓa zuwa ka ce kana so na. Wasan nan na Sule Tankarkar, har yanzu ina ba mutane labarinsa." Ya sa aka kawo mini fura. Na sha ne kawai don kada ya ji babu daɗi. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa.

Daga nan na wuce wurin Nafi'u, shi ma na ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce, amma bai dawo ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Har yanzu ina koyar da ƙwallon kwando, sai dai yanzu tambayata ta yi yawa, har yaran na ƙorafi. Kwanan baya wani sabon yaro ya saki ƙwallo sau uku a jere, na tsayar da wasa na ja shi gefe. Ka ci abinci? Kanka na ciwo? Yatsu nawa na ɗaga ta nan? Lafiya dai a gida? Ya gaji ya ce, "Koci, lafiyata ƙalau, wallahi ban iya ba ne kawai." Sauran suka fashe da dariya, ni ma na taya su. Abin da na koya, a makare, shi ne tambaya ba ta rage wa malami girma, tsawa ce ke tona masa asiri. Gara a yi mini dariya don na tambayi mai lafiya, da in sake yi wa mara lafiya ihu.