Rasuwar Batirin Motar Rimot a Cikin Langar Azumi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Kimba mai gyaran fanka a Zongon Kumasi nake sanar da 'yan'uwa da abokan wasa rasuwar batirin motata ta rimot, wanda aka fi sani da Mai Jar Riga. Ya rasu ranar Juma'a bayan gajeriyar rashin lafiya, wadda ni na ɗora masa.

Marigayin ya yi rayuwa ta biyayya. Duk Lahadi, idan muka taru a wani fili a Oforikrom, mu manya da furfurarmu muna tseren motocin da ba su fi takalmi girma ba, shi yake fid da ni kunya. Iyakar maganarsa, in ƙarfinsa ya ƙare, 'yar ƙararrawar jikinsa ta ce "ƙit-ƙit-ƙit", wato a bar shi ya huce. Ban cika barinsa ba.

Ciwon ya fara da kumburin ciki. Shakiru, wanda ya koya mini wasan, ya latsa shi da yatsa, ya ce batirin da ya kumbura ya gama aiki, ga shi kuma ina ɗura masa caji da gaggawa. Na ce masa ƙiba ce ta jin daɗi.

Ranar da abin ya faru, dumso, wato ɗauke wutar lantarki, ta bar mu ba wuta tun safe. Da wutar ta dawo, gidan hayarmu kaf aka ruga kan soket, kowa na tsoron a sake ɗaukewa. Ni ma na murɗa caja har ƙarshe, ya ninka abin da aka rubuta a rigarsa. Na san ba a ajiye irinsa kan katifa ko kusa da labule, sai cikin abin ƙarfe. Ina ganin kaina mai hankali, na buɗe kabad ɗin matata Azumi, tana kasuwa, na zaro langa ɗaya daga jere, na kwantar da shi ciki, na ɗora murfi, na tafi masallaci.

Kalamansa na ƙarshe, in ji maƙwabciyarmu Safia, su ne "tsss", sai "fuu". Ita ta kashe mita, ta zuba masa yashi. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo, ɗaki bai kama ba, langar ta tsare wutar.

Sai dai langar ta marigayiya mahaifiyar Azumi ce. Kun san yadda matan Zongo suke ɗiga fenti a gindin kwano don ya dawo gida bayan an kai abincin suna ko biki. Tsohuwar da hannunta ta sa nata, ɗigo shuɗi da ɗan layi a ƙasa. Da aka raba kwanukanta, wannan kaɗai ya zo hannun Azumi. Zafi ya cinye fentin ƙurmus.

Da a ce Azumi ta yi faɗa da ta dawo daga kasuwa, da na ji sauƙi. Na ce gobe zan je kasuwar Adum in sayo wadda ta fi ta. Ta kifa langar, ta shafa gindin da babban yatsa, ta ce, "Kwano dai yana nan kasuwa da yawa paa. Wa zai sa mini hannun Mma?" Tana ba ni abinci, tana amsa gaisuwata, ni kuwa abincin ba ya wuce mini.

Marigayin ya bar mota ɗaya da rimot, da caja wadda ba ta da laifi, abin da aka umarce ta ta yi.

Gawar tana cikin bokitin yashi a tsakar gida, nesa da murhu. Ba za a jefa ta bola ko kwata ba. Ranar Asabar bayan la'asar Shakiru zai jagoranci kai ta wurin masu karɓar matattun batura. Masu zuwa ta'aziyya, in kun same ni kan benci a ƙofar gida, kada ku tsaya a kaina. Ku yi sallama ku shige, mai rashin tana ɗaki na biyu, hannun dama.