Ranar da Na Miƙa Yatsana a Gaban Gari

Ba zan taɓa mantawa da safiyar awon sukari a garinmu, kusa da Tamaske, ba. Ni ne rele, wato mai kai saƙon likita cikin unguwanni. Kwana uku kacal na yi a formasiyo, wato horo, a Keita, amma na dawo ina tafiya kamar lokotoro.

An koya mana cewa jiki yana da wani ɗan aike mai suna insulin. In ka ci tuwo, shi ke bin jini yana sallama a ƙofar kowace ƙwayar jiki. Ƙofar ta ji muryarsa ta buɗe, sukari ya shiga ya zama ƙarfi. In ƙofofin suka kurumce, sukarin sai ya yi ta yawo cikin jini yana cin ido da ƙoda da ƙafa.

Wannan na faɗa wa mutane daidai. Sai na ƙara nawa (Allah Ya yafe mini). Na ce ciwon masu tumbi ne, na nuna Kawu Alhaji, ƙanen mahaifiyata, da baki. Aka yi dariya.

Mutane na tsoron allura, sai na miƙa wa Majo, shugabar likitarmu, wato asibitin garin, yatsana don su gani. Ni kuwa wata biyu ke nan ina shan ruwa kamar raƙumi, ina zagayawa bayan gida ba iyaka, ina ɗora wa zafin garkar albasa laifi.

Majo ta soki yatsan, ta dubi na'urar awon. Ta goge yatsan, ta sake. Ta rage murya ta ce, "Malam, ka sha hura da sahe?"

"Ko ruwa ban kurɓa ba," na ce da ƙarfi, don a ji.

Ta sake duban na'urar ta kaɗa kai, gari ya gane sukarina ya hau. Kawu, wanda nasa awon ya fito lafiya lau, ya shafa tumbinsa ya ce, "Ɗana, ashe gidanka na ba a amsa sallama!"

Na so ƙasa ta tsage. Amma shi ya ɗauke ni a moto zuwa babbar likita, aka ce an tare abin da wuri. Yau ina shan magani, shayina ba sukari, idona garau. Ranar kuma har ramammu irina sun shiga layi.

Yanzu in zan yi bayani, yatsana nake fara nunawa, ba tumbin kowa ba.