Likitan Fitila Kuramochi

Duk kwarinmu babu mai ilimin Kuramochi Shigenobu. Shi ya gaya mana, kuma mutum irinsa ba ya ƙarya. Ya taɓa yin wata uku a wata masana'antar motoci a Nagoya. Wasu sun ce shara yake yi, amma masu hassada ne. Tun da ya dawo ya hana a kira shi makanike, sai dai Sensei, wato malam. Mu kuwa a bayan idonsa Likitan Fitila muke cewa.

Ran Litinin tsohuwa Obata Tsuneko, mai noman kabeji, ta kawo ƙaramar akori-kurarta mai shekara ashirin da shida. Fitilar gaba ta ga dama ta kama, ta ga dama ta mutu. Ran Juma'a takardar gwajin motar za ta ƙare, ɗanta kuma ya rantse in motar ta faɗi gwajin zai karɓe makulli ya kwashe uwarsa zuwa bene na tara a Osaka. Tsohuwa ta fi tsoron benen nan da mutuwa.

Ta rusuna. "Sensei, na lura tana mutuwa ne in na..."

Ya ɗaga yatsa. "Baaba, ke da kabeji, ni da lantarki. Na taɓa koya miki shuka?"

A wurinmu ba a katse malami, sai ta sake rusunawa.

Sensei bai shiga motar ba, don shiga motar manomi aikin ƙananan makanikai ne. Daga waje ya zura hannu ta taga ya murɗa makunni. Fitila ta kama tar. Duk da haka ya canza ƙwan fitilar. Talata ta dawo, ya canza fis. Laraba ya canza makunni, ya yi mana lacca ta awa guda a kan halayyar wuta, har da zane a allo. Kullum fitila na haske a gabansa kamar ta san shi, kullum tana mutuwa kafin tsohuwa ta kai gadar kwarinmu.

"Motar lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Shekarun direba ne."

Ran Juma'a ya hau bas ya riga ta isa wurin gwaji, don jami'ai su ga wanda ya yi aikin. Tsohuwa na zaune a mota aka ce ta kunna. Babu ko ƙyas. Ni da na raka ta ina tsaye a gefe ina kallo. Sensei ya gyara murya zai fara bayani.

Jami'ar gwajin ta wuce shi ta leƙa taga. "Baaba, yaushe take mutuwa?"

"In na zauna, 'yata."

Aka ɗaga kujera, wadda injin ke ƙarƙashinta. Ga wata waya ta goge, ƙarfen kujera na danne ta. Tsohuwa ta ciro tef ɗin da take ɗaure ganye da shi ta naɗe. Aka sake shiga layin gwaji, mota ta ci.

"Daidai abin da bincikena ya dosa ke nan," in ji Sensei, ya kama ƙofa zai shiga a mai da shi gida.

Tsohuwa ta rusuna har goshinta ya kusa taɓa sitiyari. "A yi haƙuri, Sensei. Ni da ban fi buhun shinkafa ba na kashe fitila. In babban mutum irinka ya zauna, ai injin ne zai mutu."

Muka ja mota. Bas ɗin kwarinmu sau ɗaya yake komawa a rana, kuma ya riga ya tashi.